Matar da Ban Zana Ba

Tun da na dawo daga Zamfara tambayar kowa ɗaya ce: "Ba ki ji tsoro ba?" Abokan aikina, 'yan gidanmu, har matar da nake sayen ƙosai a wurinta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Tsoro kam na ji, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai ba.

Sunana Sa'adatu, a Zariya nake, sana'ata zane. Mu huɗu ne a wani ɗan ofis muna yin katun, wato zane mai motsi da magana. Wata ƙungiya mai aikin lafiya ta ba mu aikin fim na minti shida a kan tsargiya, ciwon nan da ke sa fitsarin jini. Ni na zana komai: Tanko, yaro mai son wanka a rafi, dodon koɗin da cutar ke zama a jikinsa, ƙananan tsutsotsin da ke fitowa su shige fatar mutum, da Malama Jummai, ma'aikaciyar asibitin da ke auna tsayin Tanko da sanda ta ba shi magani. Da muka gama aka ce mai zanen ta je ta ga yadda mutanen da aka yi dominsu za su karɓe shi, kafin a raba shi ko'ina. An zaɓi Talata Mafara da Bakura da Maradun saboda noman rani. Ruwan dam yana bin magudanai zuwa gonakin shinkafa, mutane kuma a cikinsa suke wuni. Sai a kwana na uku mahaifiyata ta ce in je, amma ban da tafiyar yamma.

Direban da aka turo sunansa Baba Garba, dattijo ne mutumin Mafara. Na shirya tun asuba, shi kuwa sai wajen ƙarfe bakwai da rabi ya tayar da mota.

"Hanyag ga ba a yi mata sammako, ba a yi mata yamma," in ji shi. "Sai rana ta hito, motoci sun yi yawa, mu bi sahu."

Daga nan na fara koyon Hausarsu. Inda muke cewa "suka" su ce "sunka", "tafi" ta koma "tahi", "faɗa" ta koma "hwaɗa". Kwana ɗaya kunnena ya saba.

Mun karya a Funtuwa. Da muka wuce 'Yankara muka shiga Zamfara, hira ta ragu a motar. Baba Garba ya kashe rediyo, ya sauke gilashi kaɗan. Akwai inda za ka ga gonaki an yi shara, akwai inda ciyawa ta cinye su har bakin titi.

A wani shinge kafin Tsafe wani soja ya ce a buɗe but ɗin motar. Ya ga baƙin akwatin da na'urar majigi ke ciki, ga batir, ga wayoyi.

"Wannan yana tashi sama?" ya tambaya, da Hausar bariki.

"A'a ranka ya daɗe, majigi ne. Fim muke nunawa a kan lafiya."

Ya ce in nuna masa. Na buɗe kwamfuta a kan but, ina zaton zai kalli minti ɗaya ya sallame mu. Sai ya tsaya har ƙarshe, ya kira abokinsa aka sake. Baba Garba yana gefe yana duban rana. Da aka gama sojan ya ce a garinsu, can kudu, yaron da bai yi fitsarin jini ba ana cewa bai zama namiji ba tukuna. Ya rufe mana but da kansa.

Mun isa Mafara da la'asar. A gidan Anti Kulu na sauka, ma'aikaciyar lafiya da za ta yi mana jagora. Ta kai shekara hamsin, ta fi shekara ashirin tana zagaya asibitocin ƙauye. Maigidanta malami ne, zaurensa cike da masu ɗaukar karatun littattafai, ta ƙofar gefe muka shiga. A Zariya muna ganin mun iya gaisuwa. Ni tawa ta ƙare bayan hanya da gajiya da mutanen gida. Ita kuwa ta tambayi Innata, ta tambayi zafi, ta tambayi aiki, ta tambayi haƙuri da hanya, ta dawo kan gajiya, duk muna tsaye ina riƙe da jaka.

"Kina cin sure, ɗiyata?"

Na ce ban san shi ba. Da aka kawo sai na ga yakuwa ce. Tuwon shinkafar garin ne da miyar sure da kifin dam, ban taɓa cin shinkafa mai gardi irin ta ba. Da safe aka ba ni hoce, wata irin gurasar dawa mai ɗan tsami, da ƙuli da mai. Ranar farko da ƙyar na haɗiye, ranar da zan tafi ni na roƙi a ƙunsa mini.

Na nuna wa Anti Kulu fim ɗin a tsakar gida. Ta kalla ba ta yi dariya ba, ba ta yaba ba.

"Mu bari su gani," abin da ta ce ke nan.

Ta kuma gaya mini cewa duk majigin tsakanin azahar da la'asar za a yi. Baba Garba ya ce suna yara a fili ake kafa majigi bayan isha'i, gari duka ya fito. Yanzu ba mai tara jama'a in rana ta faɗi. Don haka duk inda muka je sai mun nemi ɗaki mun toshe tagogi da tabarmi, ga zafin bazara.

Da ƙauyen Ruwan Gizo muka fara. Bayan mun gaida maigari aka ba mu aji ɗaya a firamare. Tanko yana buɗe baki aka fashe da dariya, wai ga ɗan Kano. Na ce muryar 'yan Zariya ce, aka ce duk ɗaya ne. Sun kalla da kyau, ba mai motsi, na fara jin daɗi. Da aka cire tabarmi wani tsohon manomi, Malam Bawa, ya ɗaga hannu.

"Malama, mun gode. Amma wanga abu da kunka gwada muna, Allah ya tsare mu, babu shi nan. Shekara arba'in ina cikin ruwan ga, ban taɓa ganin dodo mai haƙora kamar akushi ba."

Sauran suka gyaɗa kai, kowa hankalinsa kwance. Ni na zana dodon koɗin ya kai girman kan Tanko, da jajayen idanu da haƙora, don yara su ji tsoro. Ban taɓa ganin na gaske ba, a hoto na gani, hoton kuma an ƙara masa girma.

Anti Kulu ba ta yi gardama ba. Ta aro rariya da kwano, ta sa safar hannu, ta fita. Duk ajin ya bi ta har bakin kanal, wato magudanar siminti da ke kai ruwa gonaki. Ta sa rariyar cikin ciyawar gefe ta ɗago. Ga su nan, baƙi-baƙi, ko wanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta miƙa wa Malam Bawa kwanon.

Ya daɗe yana kallo. "Waɗanga? Ai ɗiyanmu wasa su ka yi da su."

Sai wani magidanci ya ce to fim ɗin ya ce kada a shiga ruwa, shi kuma da ƙafa yake dashen shinkafa, ya za a yi? Anti Kulu ta ce ba mai hana manomi shiga gonarsa. Abin da za su iya shi ne su sha maganin duk lokacin da aka kawo, a daina fitsari a ruwa, yara su yi wanka da ruwan rijiya. Ni dai na durƙusa na ɗauki hoton dodon koɗin kusa da yatsan Malam Bawa, kunya ta ishe ni.

Kwana biyu bayan nan muka tafi Dakko, ta Bakura. Yashi ya riƙe mana mota a wani kwari, sai da masu kai takin gona suka tura mu. A can, kafin komai, aka kai mu wurin liman. Tsoho ne siriri, yana zaune kan buzu, littattafai jere a bayansa. Muka durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ke ka zana masu rai?"

"Ni ce, Allah gafarta Malam." Tun daga Zariya na tanadi amsar wannan tambaya, na buɗe baki zan fara.

Ya ɗaga hannu. "Malamai sun yi magana a kai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta in don karantarwa ne. Na san wurin. Ni so nike in gani kahin mutanena su gani."

Ya kalla shi kaɗai, ya tambayi ko maganin yana hana haihuwa, Anti Kulu ta ce a'a, ita ta sha, 'ya'yanta sun sha. Ya ce a yi.

Wani siton shinkafa aka ba mu, mai duhu sosai. Da yake maza da mata duk sun zo, aka rataya farin ƙyallen majigi a tsakiya: maza ta wajen na'ura, mata ta baya, tunda hoton yana ratsa ƙyalle. Ni har na yaba dabarar. Ana cikin kallo, daidai inda Malama Jummai ke ba Tanko magani, sai gunaguni ya tashi daga bayan ƙyalle. Wata murya ta tsohuwa ta fito fili. Ashe yayar liman ce.

"Wace irin malamar asibiti ce ka ba yaro magani da hagu? Shi ma ya amsa da hagu, ya ci tuwo da hagu. Abin da za a koya ma ɗiyanmu ke nan?"

Maza suka ce da dama ne, ga shi suna gani. Mata suka ce da hagu. Aka yi ta musu ta cikin ƙyalle, kowa yana da gaskiya. Na zagaya baya, na ga komai a juye. Liman da kansa ya tashi, ya yi sallama, ya leƙa ɓangaren mata, ya dawo ya leƙa na maza.

"Wa ka ba yara magani a gida?" ya tambaya.

Aka ce mata.

"To maza mu hita."

Haka maza suka koma gindin bishiya cikin zafin nan, mata suka dawo wajen dama. Anti Kulu ta ce in kashe murya. Ta tsaya gefen ƙyalle ta riƙa yi wa Tanko da Malama Jummai magana da bakinta, da Hausar garin, tana tsayar da ni inda ta ga dama. Da aka zo kan dodon koɗi ta zaro na gaske a kwalba aka zagaya da shi. Sau biyu matan suka sa aka maimaita, sannan aka kira maza. Da za mu tafi tsohuwar ta aiko mini da fura, ta ce hannuna yana da kyau, amma in ƙara wa yaron nama.

Zangon ƙarshe Gidan Goga ne, a ƙasar Maradun. Da safen da za mu tafi aka kira Baba Garba a waya. Ya saurara, ya kashe.

"Yau ba a bin hanyag ga."

Anti Kulu ta ce ai da yawa daga mutanen can da rugagen kewaye suna cikin garin Maradun, wasu gidan dangi, wasu a kangaye, tun da 'yan bindiga suka tashe su. Can muka nufa. Aka ba mu aji, muka yi yadda muka koya a Dakko: mata tukuna, sannan maza. Komai ya tafi daidai, har na fara naɗe wayoyi ina cewa yau dai ba a kama ni da laifi ba.

Wata mata ce tsaye a bakin ƙofa, Bafulatana, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta jira kowa ya watse.

"Malama, ciwon ga na maza ne kaɗai?"

Na ce a'a, kowa yana iya ɗauka.

"To mi ya sa ba mace a ciki?"

Na ce ai ga Malama Jummai. Ta ce waccan mai ba da magani ce, ba mai ciwo ba.

Anti Kulu ta ja ta bayan aji, ta yafito ni. Sunanta Dije. Kusan shekara ke nan tana ganin jini a fitsari, wani lokaci kuma jini ba lokacin al'ada ba, ga ciwon mara. Maigidanta ya taɓa kai ta wurin wani mai sayar da magani, shi kuma ko dubawa bai yi ba ya ce ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wurin wani.

"Shi ya san kai nai, bai je ko'ina ba," in ji ta. Ta murza bakin mayafi. "Randa anka tashe mu, kwana biyu ban gamu da shi ba. Cikin wani rami nil laɓe, ni da wata tsohuwa. Ba abin da yas same ni, Allah shi ne shaida. Bai taɓa tambaya ta ba. Amma tun randa mai maganin nan yay yi maganag ga, bai ƙara cin abin da nid dahwa ba. Wurin ƙane nai shi ka ci."

Da ta kalli fim ɗin ta ga abin da ke damunta, ta fita da sauri ta ce masa ya shiga ya gani. Ya shiga tare da maza, ya kalla. Da ya fito ya ce mata, "Kin ga mace a ciki?"

Ban san inda zan sa idona ba. Wata uku na yi ina zanen nan. Ko sau ɗaya ban tuna cewa mata ne ke wanki da ɗiban ruwa ba, ban ma san ciwon yana taɓa mace ta wannan hanya ba.

Anti Kulu ta tambaye ta inda take wanki a can gida. Ta ce tafkin bayan ruga, tun tana yarinya, nan take wanki, nan take shayar da maruƙa, ruwa har cinya. Anti Kulu ta ce ba za ta rantse ba sai an gwada fitsari, amma ta ga mata da yawa masu irin wannan, kuma tsargiya ce. Ta ce ta zo asibiti gobe. Dije ta ce ba zai bari ba, ya ce an gama zuwa wurin masu magani.

Baba Garba ya ce ƙarfe huɗu da rabi za mu bar garin, ko an gama ko ba a gama ba. Lokacin uku saura. Na zauna a gindin wata dalbejiya da ƙaramar kwamfutar da nake zane a kanta. Na ɗauko jikin Malama Jummai na cire mata fararen kaya, na ɗaura mata zane, na ba ta ƙwarya, na tsayar da ita cikin ruwa. Na kwaso tsutsotsin daga wurin Tanko na sa su shiga ƙafarta. A ƙarshe na sa ta dafe mara. Duka bai fi daƙiƙa ashirin ba, babu murya, tafiyarta ma tsalle-tsalle take. Baba Garba ya je ya zo da mijin.

Malam Sanda dogo ne, yana riƙe da sandar kiwo duk da shanun babu su. Suka yi doguwar gaisuwa da Baba Garba, ya gaida Anti Kulu, ni ko kallona bai yi ba. Dije tana can nesa jikin bango. Na miƙa wa Baba Garba kwamfutar ya riƙe masa. Ya kalla sau biyu.

"Ɗazu babu wagga."

"Babu, Malam," na ce. "Kuskurena ne. Ban sani ba ne."

"Yanzu kika yi ta."

"Yanzu."

"To wanda ka zana mace cikin awa guda, in ya so ya zana raƙumi na hitsarin jini."

Anti Kulu ce ta amsa.

"Gaskiyarka, Malam Sanda. Kar ka yarda da zane. Ka zo da ita gobe, a sa hitsarin cikin madubin likita, kai da kanka ka duba. In ba ka ga komi ba, ka ce Kulu ta yi ƙarya."

Ya dubi ƙasa. Baba Garba ya ce masa a hankali, "Ni ma ina da ɗiya mata. Dubawa ba ta rage ka da komi."

"Allah shi kai mu," in ji shi, ya juya. Ban san ko i ce ko a'a ba.

Washegari ya kamata in kama hanyar Zariya, a daren na kira gida na ce sai jibi. Da muka isa asibitin Maradun da hantsi muka same su zaune a baranda, shi a wannan ƙarshen benci, ita a wancan. Aka karɓi fitsarin, muka jira. Can mai gwajin ya leƙo ya kira Malam Sanda, ya nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya ya leƙa madubin. Ni ma daga baya na duba: ƙwayaye ne masu kama da ƙwayar kankana, ko wanne da ɗan tsini a ƙarshe.

Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "Wanga daga ruwa ne?"

"Daga ruwa," in ji mai gwajin. "Ƙwan tsutsar ne. Ba a ɗaukarsa wurin mutum."

"Ko kusa?"

"Ko kusa."

Sannan ya ce shi ma a duba shi, don yana yaro ya yi fitsarin jini, duk sa'o'insa sun yi. Aka duba, aka samu, ko da yake nasa bai kai nata ba. Aka tsayar da su ɗaya bayan ɗaya jikin sandar awo, aka ƙirga wa kowa ƙwayoyinsa. Anti Kulu ta ce maganin nan ba a shan sa da yunwa, yana juya ciki, sai sun ci wani abu. Dije ta zo da 'yar ƙwarya da fura da ta dama tun safe. Ta ajiye a tsakiyar benci. Baba Garba ya ce bari ya je bakin titi ya samo wa Malam Sanda burodi.

"Bar shi," in ji Malam Sanda. Ya jawo ƙwaryar, ya yi bisimilla, ya sha ludayi huɗu ko biyar, ya tura mata. Ita ta juya fuskarta wajen bango, sai da Anti Kulu ta taɓa kafaɗarta sannan ta ɗauka.

Washegari muka dawo. Shingayen nan dai suna nan, sojan da ya kalli fim ɗinmu ban gan shi ba. Mun shiga Zariya kafin la'asar, Innata tana zaune a tsakar gida da carbi, ta ce na yi baƙi.

Na gaya wa abokan aikina sai an sake fim ɗin. Dodon koɗi ya koma girman gyaɗa, an cire maganar kada a shiga ruwa, za a ɗauki muryoyi a Mafara, an kuma ƙara mace mai wanki, da minti biyu nata ita kaɗai. Ba kowa ya ji daɗi ba, don aikin wata biyu ne, amma an yi.

Bayan kamar sati shida Anti Kulu ta kira ni. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, ta tambayi Innata, ta tambayi zafi, sannan ta ce guntun zanen nan mai tsalle-tsalle da na tura mata a waya shi take nuna wa mata a ɗakin awo, kuma suna tsayawa bayan kowa ya fita su yi mata tambaya. Ta je Maradun ta ga Dije. Jinin fitsarin ya tsaya. Ciwon marar bai tafi duka ba, ta haɗa ta da likita. Har yanzu suna cikin kangon nan, ba ranar komawa gida.

Na tambaya ko yana cin abincinta.

"Ban tambaya ba, ɗiyata," in ji Anti Kulu. "Amma na iske shi zaune da akushi gaba nai, yana mita wai gishiri ya yi yawa."